Na bi maganar mai bidiyo na sayi masara, yanzu me zan riƙa karantawa?

Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne a nan Jos, ina zaune a Unguwar Rogo da iyalina. A kakar 2024 na kwashi adashi, naira dubu 600. Akwai wani mutum da nake yawan kallo a TikTok da Facebook, kullum bayaninsa a kan kuɗi ne. Ya ce duk mai ajiye naira asara yake yi, a sayi hatsi a ajiye, kafin damina kuɗi ya ninka. Na je na lallashi Yayata, wadda mijinta ya rasu, ta ba ni dubu 900 daga tumuninta a kan zan juya mata mu raba riba. Na ce mata babu asara a harkar. Na sayi masara buhu 25 a kasuwar Mangu, na kama sito a kasuwar Katako da ke nan Jos. Farashi bai tashi ba, sai ma ƙasa da ya yi ta yi, yanzu ko na sayar ba zan mayar da uwar kuɗi ba. Har yau ban faɗa mata ba. Malam, me zan riƙa karantawa ko saurare a kai a kai don in gane yadda tattalin arziki yake tafiya, kada a sake yi min haka? Turancina na ofis ne kawai, da an shiga lissafi sai in ɓace.

Ƙaninka, daga Unguwar Rogo

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan mijin Yayarka.

Zan zo kan karatun, amma akwai abin da ya fi shi gaggawa. Ka je ka sami Yayarka cikin makon nan, ƙafa da ƙafa. Kada ka tura saƙon waya, kada ka aiki matarka. Ka tafi da takarda a hannu: ga ranar da ka saya, ga yawan buhuna, ga kuɗin mota daga Mangu, ga na 'yan dako, ga hayar sito, ga maganin ƙwari, ga abin da dillalai suke tayawa yau. Matar da ta ɗauki tumuninta ta damƙa maka ba ta san kasuwar masara ba, kai ta sani. Asarar za ta yi mata ciwo, babu shakka. Amma in a bakin wani ta ji, ko ta gano ka yi watanni kana ce mata "ana nan ana jira" alhali ka san halin da ake ciki, wannan ya fi wuyar gyaruwa, kuma zumunci ne zai biya. Ka tambaye ta kuma, cikin ladabi, ko akwai rabon marayu a cikin kuɗin, domin in akwai, maganar ta ƙara nauyi.

Abin da kuka ƙulla, ita da dukiya kai da wahala a raba riba, shi ne malamai suke kira ƙiradi. Asalin hukuncinsa, in aka yi asara ba tare da sakaci ko ha'inci ba, mai dukiya ne yake ɗaukar asarar dukiya, mai juyawa kuma ya tashi a tutar babu, wahalarsa ta tafi. Sai dai kai ka ce mata babu asara, kuma da wannan kalmar ka karɓi kuɗin. Ku je tare wurin malamin da ku duka kuka yarda da shi, ka faɗi yadda aka yi ba ragi, ya raba muku. A nawa ganin, ko da hukunci ya sauke maka, ya dace ka ɗauki wani kaso na giɓin, ka riƙa biya kaɗan-kaɗan daga albashi, a rubuce, da shaida. Kai kana da ƙarshen wata, ita ba ta da shi.

Game da masarar, ba zan ce maka ka sayar ko ka riƙe ba, domin duk wanda ya ce maka ya san farashin wata uku masu zuwa, irin mutumin bidiyon nan ne. Abin da za ka iya sani shi ne nawa ajiyar take ci maka duk wata. Ka je siton da kanka, ka sa a kwance buhu biyu ko uku daga can ƙasan jeri, ba na sama ba. Ka zura hannu har tsakiya ka ɗebo, ka duba ko akwai gari a tafin hannunka, ko ƙwayoyi masu huda, ko warin danshi. Daminar Jos ba ta wasa da hatsin da aka jibge a kan siminti babu katako a ƙarƙashi. In ƙwari sun fara, kowane mako asara ce a kan asara. Ka tuna kuma da zarar sabuwa ta shigo kasuwa, tsohuwa daraja take ragewa. In ta kama a sayar, ba dole ne a rana ɗaya ba, ana iya fitarwa kashi-kashi, kuma kada ka tsaya a bakin dillali ɗaya. Ka tambayi masu gonakin kaji kai tsaye, garin nan cike yake da su, wani lokaci sukan fi dillali taya mai kyau tun da babu la'ada a tsakani. Shawarar sayarwa kuma da Yayarka za a yanke ta, don kuɗinta ya fi naka yawa a ciki.

Yanzu bari mu duba yadda aka yi ka faɗa, domin a nan ne amsar tambayarka take. Mutumin nan ba daga sama ya tsinci maganarsa ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, kuɗin mota ya yi tsalle. A watan Yuni na shekarar Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, dala da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 700, a farkon 2024 ta wuce 1,500. Taki ya yi tsada, dako ya yi tsada, komai ya bi. Waɗanda suka ajiye hatsi a kakar 2023 sun ci riba mai yawa, wannan gaskiya ne. Shi kuwa sai ya ɗauki abin da ya faru a shekarar da aka yi wa tattalin arziki girgiza biyu a jere, ya sayar muku a matsayin dokar da take maimaita kanta kowace shekara.

Alhali alamun canji suna nan a fili tun kafin ka je Mangu. A watan Yuli 2024 Ministan Noma Abubakar Kyari ya sanar cewa gwamnati za ta ɗage harajin shigo da masara da alkama da shinkafar da ba a gama gyarawa ba da wake na tsawon kwana 150. An buga a jaridu, an faɗa a rediyo da Hausa. Gonakin kaji da yawa, waɗanda su ne manyan masu cin masara, sun riga sun rage kiwo ko sun rufe saboda tsadar abinci. Manoma kuma da suka ga farashin bara sun ƙara faɗin gona. Sannan ba kai kaɗai ka ji bidiyon ba: malaman makaranta, 'yan fansho, matan aure masu adashi, kowa ya cika sito yana jiran rana ɗaya. Ana iya muhawara kan wanne ne ya fi tasiri a cikin waɗannan, amma wanda ya san da su ba zai kalli Yayarsa ya ce babu asara ba. Wataƙila da ka saya duk da haka, amma buhu goma, kuma da kuɗinka kaɗai.

Saboda haka karatun da zan ba ka shawara ba na neman wanda zai ce maka sayi kaza ba ne. In ka bar wannan mai bidiyon ka koma wa wani da ya fi shi iya sa kwat, kana nan inda kake. Abin da kake bukata kaɗan ne, daga tushe, a kai a kai.

Ka fara da rahoton hauhawar farashi na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, wato NBS, wanda yake fitowa wajen tsakiyar kowane wata, kyauta a shafinta na intanet. Kada tsawonsa ya razana ka, ba duka za ka karanta ba. Ka fara jin labarinsa da Hausa, BBC Hausa da Aminiya da sauran kafafe sukan kawo shi a ranar ko washegari, sannan ka buɗe na asalin ka nemi abu kaɗan: adadin gaba ɗaya, adadin abinci, bambancin wannan wata da wanda ya wuce, sai layin jihar Filato a jadawalin jihohi. Turancin ofis ya isa wannan.

Akwai abin da nake so ka riƙe da kyau a nan, domin a kansa ake yawan rigima a majalisa. In aka ce hauhawar farashi ta sauka, ba a ce kaya sun yi sauƙi ba. A ce mudun shinkafa ya tashi daga naira 1,000 zuwa 1,300 a shekara guda, hauhawa kashi 30 ke nan. Shekara ta gaba ya tashi daga 1,300 zuwa 1,560, hauhawa kashi 20. Gwamnati za ta ce hauhawa ta sauka, kuma ba ƙarya ta yi ba. Uwargida za ta ce shinkafa ta ƙara tsada, ita ma gaskiyarta. Gudun ne ya ragu, tafiyar ba ta tsaya ba. Haka kuma ka san cewa ma'aunin kansa yakan canza. A Disamba 2024 adadin ya kai kashi 34.80, a Janairu 2025 aka ce 24.48. Babu abin da ya faɗi haka a kasuwar Taminus cikin wata ɗaya. Hukumar ce ta sabunta kwandon kayan da take aunawa, ta mayar da shekarar da ake kwatantawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Wanda bai san wannan ba, ko dai ya yi murnar banza ko ya ce duk alƙaluman ƙarya ne ya daina dubawa, kuma duka biyun hasara ce gare shi. Hukumar tana kuma fitar da rahoton farashin wasu kayan abinci da na fetur da na kuɗin mota duk wata. Ga mai sha'awar harkar hatsi, na abincin ya fi kusa da aljihunsa.

Sai Babban Bankin Najeriya. Kwamitinsa na tsarin kuɗi yana zama kusan duk bayan wata biyu a Abuja, bayan zaman gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya karanta matsayarsu. Abin da za ka saurara shi ne ma'aunin kuɗin ruwa: an ɗaga, an rage, ko an bar shi. A Fabrairu 2024 sun ɗaga shi daga kashi 18.75 zuwa 22.75 a zama ɗaya, suka ci gaba da ɗagawa har ya kai 27.50 a Nuwamba, daidai lokacin da kake loda masara. Za ka ce ina ruwanka, tun da ba ka cin bashin banki, kuma addininka ya hana ka kuɗin ruwa. Ruwanka ne, domin kamfanonin da suke sayen masara tirela-tirela da bashin banki suke yawan saye. In bashi ya yi tsada sukan sayi na wata ɗaya maimakon na wata shida, su bar ku da kaya a sito. Kuma manufar ɗagawar tun farko ita ce a janye kuɗi daga hannun jama'a, a tsayar da naira, farashi ya lafa. Wato hukuma mafi ƙarfi a harkar kuɗin ƙasar nan tana aiki dare da rana don abin da kake fata kada ya faru, kuma tana faɗa a bainar jama'a. Farashin dala ma a shafin bankin ake sa shi kullum. Sau ɗaya a mako ya ishe ka dubawa. Masu duba shi sau goma a rana hawan jini suke saya.

Tun da albashin jiha kake ci, ka riƙa sauraron labarin kwamitin rabon arzikin ƙasa, FAAC, da yake zama duk wata ya raba wa tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Minti biyu ne a labarai, kuma yakan nuna maka ko baitulmalin jiha yana numfashi.

Jarida kuwa, ka zaɓi ɗaya ko biyu ka lizimce su. Shafukan kasuwanci na Daily Trust suna yawan kawo farashin hatsi da halin manoman Arewa, Aminiya kuma ta gidansu ce da Hausa. BusinessDay ta fi zurfi, Turancinta ya fi nauyi, ka bar ta sai ka ɗan saba. Abin da za ka nema a cikinsu shi ne labarin da zai taɓa farashi bayan wata uku ko shida: an rufe boda ko an buɗe, an ɗage haraji ko an sa, yaya farashin taki, yaya hasashen damina daga hukumar yanayi ta NiMet, ina aka yi ambaliya, ina rashin tsaro ya hana noma. Kai ɗan Filato ne, ka san abin da rikici a Mangu ko Bokkos yake yi wa masara da dankali kafin wani a Legas ya sani. Ka tuna rufe boda da aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 da yadda ya yi da shinkafa. Sa hannu ɗaya a Abuja yana iya cika sito da riba ko ya mayar da shi kaya a ka.

Amma wanda na fi so ka ba muhimmanci, babu mai rubuta maka shi sai kai. Ka sayi littafi mai layi na 'yan makaranta. Ka ja layi, ka rubuta kaya goma da gidanka ba ya rabuwa da su: mudun shinkafa, mudun masara, wake, kwalbar manja, kwandon tumatir ko kashinsa a kasuwar Farin Gada, kilon gas ko buhun gawayi, kiret ɗin ƙwai, litar fetur, kuɗin Keke daga gida zuwa sakateriya, sabulu. Duk Asabar ka zauna da uwargida, wadda ta fi ka sanin farashin gaskiya, ku cike. A wani shafin ka kira mutum ɗaya a Mangu, ɗaya a Katako, in da hali ɗaya a Dawanau ta Kano, ka rubuta farashin buhu da kwanan wata. Bayan shekara guda za ka ga da idonka watan da kaya suke sauka da watan da suke hawa, da nawa albashinka yake saye in aka auna shi da mudu. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga dubu 30 na 2019 zuwa dubu 70 a Yuli 2024, amma littafin ne kaɗai zai gaya maka ko gidanka ya ci gaba ko ya ci baya. Kuma duk ranar da wani ya tashi a waya yana rantsuwa cewa kaza zai ninka, kana da abin da za ka buɗe ka gwada maganarsa.

Ban ce ka daina sauraron masu bayani a waya gaba ɗaya ba. Akwai masu ilimi na gaske a cikinsu, malaman jami'a da tsofaffin ma'aikatan banki da suke fassara waɗannan rahotanni da Hausa don Allah, kuma suna taimakon jama'a ƙwarai. Ka dai lura da halin mai maganar. Yana faɗin inda ya samo adadinsa da ranar da aka fitar? In abin da ya hango bai faru ba, yana dawowa ya yi bayani, ko sai ya goge bidiyon ya kama wani zancen? Akwai abin da yake sayarwa a ƙarshe, aji na kuɗi, ko rukunin WhatsApp na musamman, ko wata mahaɗa da za ka latsa ka yi rajista ta hannunsa? Yana ambaton yadda za a iya yin asara, ko kullum riba ce? Wanda yake ce maka yau-yau, gobe dama ta wuce, ka bar shi da damarsa. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ina jin tsoron abu ɗaya game da kai, shi ya sa zan faɗa tun yanzu. Mutumin da ya yi asarar kuɗin amana shi ne ya fi sauƙin kamu a hannun masu cewa kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu, saboda yana neman ya cike ramin kafin a gani. MMM ta rufe da kuɗin mutane a Disamba 2016, CBEX ta yi haka a Afrilu 2025, kuma tsakaninsu an yi wasu da yawa, har da masu fakewa da sunan noma da masu fakewa da addini. Duk wanda zai karɓi kuɗinka da sunan zuba jari, ka nemi sunansa a jerin waɗanda hukumar kula da hannayen jari, SEC, ta yi wa rajista, yana nan a shafinta. Takardar hukumar rajistar kamfanoni, CAC, da suke ɗagawa a bidiyo shaidar rajistar kamfani ce kawai, ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ce.

Maganarsa cewa ajiye naira asara ce tana da ƙamshin gaskiya lokacin da farashi yake gudu, amma kuɗin bazawara wurin da ba zai ɓace ba ya fi bukata kafin wurin da zai haihu. Ajiyar banki tana da inshorar hukumar NDIC, wadda a 2024 aka ɗaga ta daga dubu 500 zuwa miliyan 5 ga kowane mai ajiya a bankin kasuwanci, kuma an ga amfaninta da aka soke lasisin bankin Heritage a Yuni na shekarar. In kuna gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, Jaiz tun 2012, sai TAJ da Lotus daga baya. Akwai kuma sukuk, wato takardar zuba jari marar kuɗin ruwa, na gwamnatin tarayya da Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya fara fitarwa a 2017 da naira biliyan 100 don gina hanyoyi, ana shiga da naira dubu 10, ana biyan haya duk wata shida. Ba kullum ake buɗe shi ba, sai an sanar, wannan ma dalili ne na bin labarai. Abin da ya rage na kuɗin Yayarka bayan an sayar da masarar, ku duba irin waɗannan tare, ita ta zaɓa da bakinta bayan an yi mata bayani.

Duk wannan bai wuce awa ɗaya a mako ba in ka tsara shi. Wata biyu na farko za ka ji kamar ba ka gane komai, kada ka bari, kalmomin nan guda nawa ne suke ta maimaituwa. In rahoton NBS na gaba ya fito, ka karanta, ka rubuto min abin da ka gane da abin da ya shige maka duhu, mu bi shi tare a wannan fili. Ka haɗo min da labarin yadda kuka yi da Yayarka.